Ɗan Autana Ya Faɗa Mini Abin da Ya Hana Ni Barci

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Ya ƙoƙari, ya haƙuri da mu? Na daɗe ina karanta wannan fili, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah ki sakaya sunana.

Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, mace ɗaya maza huɗu. Mahaifinsu ya rasu autan yana ɗan shekara shida, ni na riƙe su har suka zama mutane. Yanzu shekarun autan 24, ya gama karatu, yana aiki. Yaro ne mai hankali, ban taɓa zuwa gidan kowa ba da haƙuri saboda shi ba. Wata uku da suka wuce na kwanta asibiti, shi ke kwana wurina. Daren da za a wayi gari a sallame ni, na ɗauko masa zancen aure kamar yadda na saba, ina zolayarsa cewa ba zan mutu ban ga 'ya'yansa ba. Sai ya yi shiru, ya ɗauki mayafina yana ninkewa yana warwarewa. Can ya ce, "Umma, ni fa ban taɓa jin son mace ba. Abin da abokaina ke ji game da 'yan mata, ni game da maza nake jin sa." Ya ce tun yana ɗan shekara 12 ya gane, ya yi azumi, ya yi tsayuwar dare, ya yi kuka a sujada, abin bai tafi ba. Ya rantse mini bai taɓa aikata komai ba. Ni kuwa ban ce uffan ba, na juya fuskata bango. Daga ranar zuwa yau gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Na gaya wa yayana, kawunsu. Ya ce iskanci ne na zamani, a waya ya koyo, kuma ni na sangarta shi tunda ya tashi babu uba. Ya ce a yi masa aure da gaggawa, in ya ƙi a kai shi inda za a cire masa abin. Hajiya, mutum shi ke zaɓar wanda zuciyarsa za ta so? In zaɓa ya yi, to ya ci amanata. In ba zaɓa ya yi ba, ko ni ce na jawo masa? Kuma aure zai gyara shi?

Wata uwa

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk lokacin a kan mayafin nan nake tsayawa. Na shafe shekara 30 ina aikin jinya, na san wannan hannun da ke neman abin riƙewa sa'ad da baki zai faɗi abin da ya fi ƙarfinsa.

Bari in fara da kaina, don kada ki ce ina zaune a inuwa ina ba na rana shawara. Ina da shekara 22, ina makarantar koyon jinya, na kamu da son wani da bai san ina yi ba. Ba shi ne mafi kyau a cikin waɗanda na sani ba, ba shi da ko sisi, kuma yana da wata dariya mai ban haushi. In da a ce an ba ni takarda in rubuta irin mijin da nake so, ba zai shiga goma na farko ba. Amma ko takunsa na ji a baranda sai allurar da ke hannuna ta fara rawa. Da na ji zai auri wata, na ɗauki wata 'yar takarda da ya taɓa rubuta mini sunan wani littafi a kai, takardar banza, na yayyaga ta na zuba a kwandon shara, na ce shi ke nan. Ƙarfe biyun dare ga ni durƙushe gaban kwandon da tocila ina tsince gutsattsarin. Na yanke shawarar daina son sa ya fi sau ɗari. Shawarar ba ta taɓa isa inda son yake ba.

Abin da ya same ni ba baƙon abu ba ne ga ɗan Adam. A 1992 wasu masu nazarin al'ummomi biyu, William Jankowiak da Edward Fischer, suka bi bayanan al'ummomi 166 na sassan duniya, suka tarar da alamar irin wannan so mai kama mutum a guda 147. A 2005 kuma Helen Fisher da Arthur Aron da abokan aikinsu a Amurka suka sa mutum 17 da ke tsakiyar soyayya a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna wa kowa hoton masoyinsa. Wurin da ya kama aiki wani lungu ne can ƙasa, mai fitar da sinadarin dofamin, wanda ke tura mutum neman abin da jiki ke kwaɗayi, wanda kuma hodar iblis ke kunnawa. Tunani da lissafi da yanke shawara suna sashen ƙwaƙwalwa na gaba, daidai goshi. So kuwa daga ƙasa yake tasowa, sai ya riga ya kama sannan goshi ya samu labari.

Ba sai mun je wurin masu na'ura ba ma. Kin san ƙissar Barira da Mugisu da ke cikin Buhari. Da aka 'yanta Barira ta zaɓi rabuwa da mijinta, shi kuwa yana bin ta a titunan Madina, hawaye na jiƙa masa gemu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nuna wa Abbas mamakin irin son da Mugisu ke mata da irin ƙin da take masa. Ya yi masa ceto wurinta, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta da bukatarsa. Ki lura da abin da bai faru ba a wannan ƙissa. Ba a ce wa Mugisu ya daina so ba, ba a ce wa Barira ta fara ba. Son maso wani ƙoshin wahala, in da abin a hannun mutum yake, wa zai zaɓi wahalar?

To, na san za ki ce wannan son mace da namiji ne, naki daban. Mu zo kansa.

Akwai wata matsala a bakinmu tun kafin mu fara. Kalmomin da muke da su, luwaɗi da maɗigo, sunayen aiki ne. Ba mu da kalma ɗaya tak ga wanda zuciyarsa ta karkata can amma bai ɗaga ƙafa ba. Shi ya sa da ɗanki ya gaya miki abin da yake ji, kunnenki ya ji abin da ake yi, kawunsa ma haka. Yaron ya kawo miki labarin zuciyarsa, aka yanke masa hukuncin aiki.

Shin karkatar nan zaɓa ake yi? Ki tambayi kanki. Wace rana kika zauna, aka jera miki maza a dama mata a hagu, kika ce na zaɓi maza? Babu wannan ranar. Kin tashi ne kawai wata shekara kika ga kin fara jin kunyar wani yaro da jiya kuke wasan ƙasa tare. Haka ɗanki ya ce ya same shi yana ɗan 12, sai dai nasa ya fuskanci wani ɓangaren. Kuma abin da mafi yawan masu irin halinsa ke faɗa ke nan in aka tambaye su: tarar da shi suka yi, sau da yawa da firgici.

Masu bincike sun daɗe suna tono a nan, kuma zan gaya miki abin da suka samu ba ƙari. A 1991 Michael Bailey da Richard Pillard suka bi mazan da ke sha'awar maza waɗanda ke da 'yan'uwa. In tagwaye ne na ƙwai ɗaya, masu kama sak, kashi 52 cikin 100 ɗayan ma haka yake. In tagwayen ƙwai biyu ne, kashi 22. In ɗan riƙo ne da aka tashi gida ɗaya ba jini, kashi 11. Binciken da ya biyo baya a kan dubban tagwaye a Suwidin ya sami alƙaluma ƙasa da waɗannan, amma tsarin bai sauya ba: gado na da hannu. Sai dai ki dubi ɗaya gefen. Tagwayen ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, in da gado ne kaɗai da kowane Hassan sai Usaininsa ya bi shi. Ba haka aka gani ba. A 2019 aka fitar da bincike mafi girma a mujallar Science, ƙarƙashin jagorancin Andrea Ganna, a kan mutum kusan 477,000 daga Birtaniya da Amurka. Ba su sami wata ƙwayar gado guda da za a nuna a ce ga ta ba. Sun sami wurare biyar masu ɗan tasiri ƙanƙani, suka kuma ƙiyasta cewa ƙwayoyin gadon da suka auna gaba ɗayansu na bayanin tsakanin kashi 8 zuwa 25 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali.

Mutane na jin wannan sai su ce to ai ga shi nan, sauran kason zaɓi ne. A'a. Abin da ba gado ba ne ba lallai ya zama zaɓi ba. Zanen yatsun tagwaye ma ya bambanta, kuma babu wanda ya zaɓi nasa. Bahago bai zauna ya zaɓi hagu ba, ko da iyayensa duka da dama suke rubutu. Akwai abubuwa da yawa da ke faruwa a mahaifa, wata tara cur, da sinadaran jiki ke yi wa ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

A nan akwai abin da ya shafe ki kai tsaye, kuma ina so ki ji shi da kyau kada ki juya shi ya zama bulala a kanki. A 1996 Ray Blanchard da Anthony Bogaert a Kanada suka lura cewa duk yawan yayye maza da namiji ke da su, yiwuwar ya tashi da wannan karkata na ƙaruwa, da kusan kashi ɗaya cikin uku a kan kowane wa. An maimaita binciken a ƙasashe da dama an sake ganin haka. A 2006 Bogaert ya nuna cewa yayyen da aka fito ciki ɗaya da su ne ke da wannan tasiri, ko da ba a tashi tare ba, 'yan riƙo da 'yan uba kuwa babu, ko an kwana ɗaki ɗaya shekara 20. Ke nan abin na ciki ne, ba na tarbiyya ba. Bayanin da aka fi karkata gare shi shi ne jikin uwa na ƙera garkuwa ga wasu sinadaran ɗa namiji, tana ƙaruwa daga ciki zuwa ciki. Ɗanki na da yayye maza uku. Ban ce wannan ne sanadin nasa ba, don mafi yawan masu yayye uku ba haka suke ba, tunda asalin yiwuwar ƙarama ce. Na kawo shi ne don ki ga irin wurin da ake samo bakin zaren: wurin da babu hannunki, babu nasa. Mace ba ta umartar jininta.

Maganar rashin uba da shagwaɓa tsohuwar magana ce, likitocin ƙwaƙwalwa na Turai sun riƙe ta shekaru da dama kafin su sake ta don ta kasa tsayawa da ƙafarta. Marayu nawa ne a duniya? Yayyensa uku ba a hannunki suka tashi babu uba ba? Waya kuwa, ba na kare ta, tana koya wa yara abubuwan da ke sa ni salati. Tana iya nuna wa mutum aiki, tana iya haɗa shi da mugun aboki. Amma in waya ce ta ƙirƙiro abin, me ya sa malaman fiƙihu suka buɗe masa babi shekaru fiye da dubu da suka wuce? Masu nazarin dabbobi a Amurka, irin su Charles Roselli, sun tarar kusan kashi 8 cikin 100 na raguna ba sa kula tunkiya sai rago ɗan'uwansu, an kuma ga bambanci a wani sashe na ƙwaƙwalwarsu. Rago dai ba shi da waya. Ban kawo wannan don in ce abin da dabba ta yi ya halatta ga mutum ba, dabba na yin abubuwa da yawa da ba ma yi. Tambayarki a kan tushe ce, ba a kan hukunci ba.

Sai batun kai shi a cire masa. Nan ne nake so ki kafa ƙafa ki tsaya. An gwada, 'yar'uwa, an gwada da duk abin da hankali zai kawo. An ba mutane maganin amai ana nuna musu hotuna, an ja musu wutar lantarki. Alan Turing, masanin lissafin Ingila da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu, kotu ta sa aka yi masa allurar sinadarin mata a 1952, ya mutu a 1954 yana ɗan shekara 41. Wata babbar ƙungiyar Kirista a Amurka, Exodus International, ta shafe shekara 37 tana wa mutane alkawarin sauyi ta hanyar addu'a da nasiha. A 2012 shugabanta Alan Chambers ya fito ya ce kashi 99.9 na waɗanda ya sani ba su sauya ba, a 2013 suka rufe ƙungiyar ya nemi gafara. Robert Spitzer, babban likitan ƙwaƙwalwa da ya wallafa bincike a 2003 cewa wasu na iya sauyawa, bayan ya yi hira da mutum 200 ta waya, shi ma a 2012 ya janye ya ba da haƙuri, ya ce ba shi da hanyar tabbatar da abin da suka gaya masa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire abin daga jerin cututtuka tun 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Wanda duk ya ce miki yana da wurin da ake cirewa, da ɗauri ko da duka ko da hayaƙi, abin da zai dawo miki da shi yaro ne da ya koyi yi miki ƙarya don a kwance shi. Garin neman gira a rasa ido.

Don in yi adalci: akwai mutanen da sha'awarsu ke motsawa a tsawon rayuwa, an fi ganin haka a mata. Lisa Diamond ta bi wasu 'yan mata kusan 100 har shekara 10, da yawansu suka ba da labarin sauyi. Amma yadda suka kwatanta shi, zuwa ya yi musu kamar sauyin yanayi, ba su suka kira shi ba. Ƙoƙarin korar tunani da ƙarfi ma ƙara masa ƙarfi yake. Daniel Wegner a 1987 ya ce wa ɗalibai kada su tuna wata dabba, farin beyar, na minti biyar, duk wanda ya tuna ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kuka. Ɗanki ya shekara 12 yana wannan jarrabawar shi kaɗai.

Aure kuma. Wata mata ta taɓa zuwa wurina a asibiti, ciwon kai da rashin barci suka kawo ta. Ina auna mata jini ta fashe da kuka. Shekararta 11 da aure, mijinta mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai rage ta da komai ba, amma bai taɓa kallon ta irin kallon da mace ke ganewa ba. Ta buɗe jakarta ta nuna mini kwalaben mai da turare da ta tara, har da man bilicin da ya ƙona mata wuya. Duk shekarun nan tana zaton muni ne da ita. Danginsa sun san halinsa tun kafin auren, su suka nemo ta a matsayin magani, ba wanda ya gaya mata. Kina da 'ya mace ɗaya. In aka zo neman ta don a yi wa wani jinya da ita ba da saninta ba, me za ki ce? 'Yar mutane ba ƙwayar magani ba ce.

Kada ki ɗauka ina cewa mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan. Yana da shi, kuma babba ne. Mutumin da na aura daga baya, ba da wancan zazzaɓin na shiga gidansa ba. Zama da kyautatawa da jinyar juna suka gina abin da ya fi wancan ƙarfi, muka yi shekara 31 kafin Allah ya karɓe shi. Amma ki lura, ƙasar da na shuka a kai tana karɓar irin. Ni mace ce mai son maza, saura kawai in so wannan. Inda ƙafa za ta je, abin da ido zai kalla, alkawarin da za a riƙe, wanda za a cuta da wanda za a kare, duk waɗannan a hannun mutum suke. Hukuncin aikin a addini kin san shi, shi ma ya san shi, in ba haka ba da bai kwana a kan sallaya ba. Amma addinin nan dai shi ya zo da hadisin da ke cikin Buhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'umma abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba, malamai kuma suka bambance furucin neman mafita da na alfahari. Yadda zai tafiyar da rayuwarsa nan gaba nauyi ne a wuyansa, tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma baligi ne. Ba ki da ikon ɗaukar masa, ba ki kuma da ikon sauke masa.

Abin da ke hannunki shi ne wata ukun nan na shiru. Su suka fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarki. Caitlin Ryan da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2009 a kan matasa 224 masu irin halin ɗanki a Kalifoniya. Waɗanda iyalansu suka yi watsi da su sosai sun ninka sauran fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kai, kusan sau shida wajen baƙin ciki mai tsanani. Yaron da ya ɓoye abu shekara 12, ya zaɓi mutum ɗaya a duniya ya faɗa wa, mutumin ya juya masa baya, ki ƙiyasta abin da yake saƙawa da dare. Ba amanarki ya ci ba. Amana ya ba ki.

Kuma maganar ta tsaya inda ta kai. Magana zarar bunu ce. A ƙasashe fiye da 60 doka na hukunta wannan aiki, kuma a wurare da yawa jita-jita kaɗai ta isa a raba mutum da aikinsa ko a far masa a hanya, ko bai yi komai ba. Ki koma wurin yayanki, ki yi masa magana da ladabin da ya kamata, ki ce, "Yaya, na gode da damuwarka, amma maganar nan ta mutu tsakanina da kai, kuma batun aure da batun kai shi wani wuri na ajiye su." Zai yi fushi. Ki bar shi ya yi.

Shi kuma yaron, ba sai kin shirya jawabi ba, ba kuma sai kin ce kin yarda da abin da ba ki yarda da shi ba. Ki same shi shi kaɗai, ki kira shi da sunan da kike kiran sa yana ƙarami. Ki ce kin ji abin da ya faɗa a asibiti, ya yi miki nauyi, shi ya sa kika yi shiru, amma ke uwarsa ce jiya, ke ce yau. Sannan ki tambaye shi ko yana samun barci, ki kuma tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana, ko ya taɓa tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, mu ma'aikatan jinya kullum muna yin ta. In ya ce e, ko ya yi irin shirun mayafin nan, kada ki bar shi shi kaɗai a daren, da safe ku nemi likitan ƙwaƙwalwa mai riƙe sirri, ki shiga tare da shi in ya yarda.

Ki sake rubuto mini bayan kun yi magana. Zan gane rubutunki.